Satar Ɗan Akuya da Kuɗin Gabza: Wa Ke Biyan Zaman Gidan Yari?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau lissafi za mu yi, kuma kuɗin da za mu lissafa namu ne, ni da ku.

A watan Disamba na 2023 shugaban hukumar gidajen gyaran hali na lokacin, Haliru Nababa, ya je gaban kwamitin majalisar dattawa kare kasafin kuɗi, sai ya faɗi maganar da ta tada ƙura: wai kowane ɗaurarre naira 750 ake kashe mashi a abinci a rana, karen hukumar kuma naira 800. Mutane suka yi caa, daga baya gwamnati ta ɗaga kuɗin zuwa naira 1,125. To ku bar batun karen nan, ku dubi 1,125 ɗin. Kaɗan ce ga cikin mutum, kowa ya san nawa ake saida kwanon shinkafa yanzu, shi ya sa har gobe waɗanda suka taɓa shiga ke kiran abincin gabza. Amma ninka ta sau 365, ka ga naira 410,625 kenan a shekara kan mutum ɗaya. Gidajen yarin ƙasar nan kuma suna ɗauke da mutum wajen 80,000 a wuraren da aka gina don adadin da bai kai haka ba. Abinci kaɗai ya kama miliyan 90 a rana, a shekara kusan biliyan 33, ba a sa albashin gandirobobi ba, ba a sa magani ba, ba a sa man motar da ke kai su kotu ta dawo da su ba, sau da yawa ma a je a tarar an ɗage zaman.

Yanzu mu sauko gida. A ce matashi ya saci ɗan akuya ranar kasuwar Mai'adua, aka kama shi, aka kai shi gaban alƙali a Daura, ya amsa laifinshi. Aka ce tarar naira 30,000 ko wata 6. Babanshi ba shi da ita, kawunshi ya kashe waya. Shi kenan an wuce da shi. Wata 6 ɗin nan abincinshi kawai ya haura naira 200,000, daga aljihun gwamnati, don an rasa 30,000. Shi kuma mai akuyar me ya samu? Idan akuyar ta riga ta shiga tukunya, wallahi ko sisi. Ya dai yi asarar kuɗin mashin zuwa kotu.

Kuma abun da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. Yaron nan da ya shiga kan akuya, ɗaki ɗaya zai kwana da wanda ya san yadda ake fasa shago da wanda ya san inda ake saida babur ɗin sata, saboda cunkoso ba ya bari a raba su yadda ya kamata. Ya fito, maigidanshi na gareji ya sa wani a gurbinshi, a unguwa ana nuna shi da baki, gidan da yake neman aure sun ce a kai kasuwa. An kashe maciji ba a sare kai ba kenan, sai ma dai a ce an ƙara mashi dafi.

Za ku ce ai an ba shi zaɓin tara, ba a tilasta shi ba. To nan ne rashin adalcin yake. Tarar 30,000 ga ɗan mai shago a babbar kasuwar Katsina kuɗin data ne da suya, ga ɗan ga-ruwa kuma aikin makonni ne. Laifi ɗaya, hukunci ɗaya a takarda, ɗaya ya kwana gida ɗaya ya kwana ciki. Gwamnati da kanta ta san haka: a watan Nuwamba na 2023 ministan harkokin cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya tara naira miliyan 585 daga kamfanoni da masu hali, aka biya tarar mutum 4,068 aka sake su. Raba ka gani, kowane ɗaya bai kai 150,000 ba. Mutum fiye da dubu huɗu suna ciki ba don kotu ta ga suna da hatsari ba, don dai ba su da kuɗi. Irin haka muke gani duk azumi, masu hannu da shuni su biya a saki wasu, Allah ya saka masu da alheri, amma kafin wata Sallar an sake cika gurbin.

A ƙasar Finlan tun 1921 tara da samun mutum ake auna ta, alƙali ya yanke adadin kwanaki, kowane kwana a lissafa shi da abun da kake samu a rana. Shi ya sa a 2002 wani babba a kamfanin Nokia aka ci tararshi yuro 116,000 kan gudun wuce ƙa'ida da babur. Nan wurinmu da mafi yawa ba su da takardar albashi abun zai yi wuya, na sani, amma aƙalla alƙali zai iya tambaya: sana'ar me kake, nawa kake samu, za ka iya biya kaɗan-kaɗan?

Sannan akwai babban ɓangaren, wanda ko hukuncin ma ba a yanke masu ba. Kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke. Wani an ba shi beli amma an ce sai ya kawo mai tsaya mashi ma'aikacin gwamnati mai babban matsayi ko mai takardar gida, mutumin ƙauye ina zai samo shi? Wani fayil ɗinshi ne aka tura ma'aikatar shari'a neman shawara bai dawo ba. Sai ka ga mutum ya yi zaman da ya zarce hukuncin laifin da ake tuhumarshi da shi. Babban Jojin jiha yana zagayawa lokaci-lokaci, Katsina, Daura, Funtua, Malumfashi, yana sakin irin waɗannan, yana taimakawa, sai dai ba kullum ake zagayen ba.

Abun da mutane da yawa ba su sani ba, dokar mafita tana nan, ba sai an ƙirƙiro ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ba kotu damar sa mutum aikin al'umma ko ɗaurin je-ka-gyara-halinka, jihohi kuma har da tamu ta Katsina sun yi nasu irin dokar. A watan Agusta na 2019 Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a dokar da ta canza sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali, ta buɗe sashe guda na hukuncin da ba na kulle ba: aikin al'umma, ɗaurin talala ƙarƙashin sa idon jami'i, sakin mutum kafin wa'adi in ya gyaru, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta. Dokar har ta ce in gidan yari ya cika, kwanturolan hukumar na jiha ya sanar da Babban Joji da kwamishinan shari'a, in ba a yi komai ba cikin wata 3 yana da ikon ƙin karɓar sabbi.

Kafin wani ya ce to su 'yan bindiga fa, mu da muka san abun da Batsari da Jibiya da Faskari suka gani: ba su cikin wannan magana sam. Dokar 2015 ɗin ta fito fili, babu aikin al'umma ga laifin da aka yi da makami, ko fyaɗe da danginshi, ko wanda hukuncinshi ya wuce shekara 3. Hasali ma in aka rage masu akuya da masu faɗan maƙwabta, kotu da gandirobobi sun fi samun sararin manyan.

An taɓa gwadawa ma kowa ya gani. A 2020 lokacin kullen korona, kotu a Legas ta ci tarar 'yar fim Funke Akindele naira 100,000 ta kuma sa ta aikin al'umma na kwana 14 saboda ta tara mutane biki. To in ya yiwu gare ta, me zai hana yaron Mai'adua ya kwashe kwatar unguwarsu ko ya share asibitin gari awa uku kullum, da rana ya koma gareji, abun da ya samu ya riƙa biyan mai akuya a hankali, mai unguwa da liman suna shaida? Sulhu da biyan haƙƙi ba baƙon abu ba ne wurinmu, a zauren dagaci aka saba yinshi tun kafin a kafa kotun majistare. Sharaɗin dai kar a maida shi tozarci a ɗauki yaro bidiyo a watsa a TikTok, kuma kar ya zama ɗan wane ne kaɗai ke samu.

Cikas ɗin shi ne mai sa ido. Alƙali ba zai saki mutum aikin shara ba in ba wanda zai tabbatar ya je, kuma hakan na buƙatar jami'ai da kuɗin zirga-zirga a kowace ƙaramar hukuma cikin 34 ɗin da muke da su. Ga kuma wani abu: mafi yawan ɗaurarru dokokin jiha suka karya, kotun jiha ta tura su, amma Abuja ke ciyar da su, don haka jiha ba ta jin zafin kuɗin a jikinta. A watan Maris na 2023 an gyara tsarin mulki, yanzu jihohi ma na da hurumin gina gidajen gyaran hali da gudanar da su.

In naka na gaban kotu kan ƙaramin laifi kuma karonshi na farko ne, lauya na iya roƙon alƙali ya duba aikin al'umma ko sulhu da biyan diyya kafin a yanke. In ba kuɗin lauya, akwai hukumar ba da agajin lauyoyi ta tarayya, tana da ofis a Katsina, kuma kyauta take tsaya ma marasa hali.