Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu daga LASHMA, Hukumar Inshorar Lafiya ta Jihar Legas, a Zangon Agege

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma babban baƙo, Mai martaba Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, malamanmu, shugabannin kasuwa, iyaye mata da 'yan uwa.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya, sannu da cunkoson Legas. Fataucin goro da na shanu ne ya sauke kakanninmu a nan, kuma a nan muke haihuwa, a nan muke biyan haraji. Gida ka zo.

Labarin Ilera Eko, shirin inshorar lafiya na Jihar Legas, ya iso mana. An yi dokar shirin a 2015, aka ƙaddamar da shi a ƙarshen 2018, sannan a 2024 Gwamna Sanwo-Olu ya wajabta inshorar lafiya ga duk mazaunin jihar. Mun kuma san dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta tanadi asusu domin marasa galihu. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

To, amma bari ka ji yadda ciwo yake kama mutanenmu. Ɗan dako a kasuwar Mile 12 zai yini da kwandon tumatir a ka, zazzaɓi na cin sa. Da magariba ya tsaya kemis a yanko masa ƙwaya huɗu, ya haɗa da shayi. Ba ya zuwa asibiti sai an ɗauke shi ranga-ranga. Idan kuma aka ce matar wani sai an yi mata tiyata kafin ta haihu, liman ne zai yi sanarwa bayan sallah, a zagaya da hula. Ni kaina na sha riƙe hular nan, kuma sau da yawa abin da ke ciki bai isa kuɗin jini ba.

Wannan mutumin ba ƙin biya yake ba. Kuɗinsa na yini ne, biyan shekara a dunƙule ya fi ƙarfinsa. Amma adashi kullum yana zubawa, bai taɓa fashi ba. Ku karɓa kaɗan-kaɗan ta hannun shugabannin kasuwa, za ku sha mamaki.

Muna roƙon a kafa teburin rajista a Zango da Mile 12 da Idi-Araba, da mai jin Hausa a zaune, har da mace saboda matan aure. Da yawa ba su da katin LASRRA, wato katin shaidar zama a Jihar Legas, a taimaka a yi musu a wuri ɗaya. Gwauraye tsofaffi, marayu da masu lalura ta musamman kuwa, masu unguwanni sun san su gida-gida, a tambaye su.

Masu tambaya ko inshora ta halatta, malamanmu na nan, za su zauna da ku.

Ranka ya daɗe, akwai tambayar da aka dame ni da ita: wanda ya koma Arewa noma da damina, ya kwanta ciwo a can, katinsa zai yi masa aiki? Ga lasifika, bismillah.