Gasar kunne: wa ya tsara wannan kiɗan fiyano?

Hadiza: Jama'a, barkanmu da warhaka. Yau gasar kunne za mu yi. Zan riƙa sakin kiɗan fiyano kaɗan-kaɗan, Yaya Bashir ya canki wanda ya tsara shi, Malam Sani kuma shi ne alƙali. Ga na farko.

Bashir: Haba ƙanwata, wannan ai ko a mafarki na san shi. Für Elise ne, na Beethoven. Sautuka biyu maƙwabtan juna suna ta kai da komo, sannan kiɗan ya gangaro.

Sani: Ka ci. Sai dai mai shi bai ga fitowarsa ba. A 1810 ya rubuta, ya rasu a 1827, sai a 1867 wani masanin kiɗa, Ludwig Nohl, ya wallafa shi. Takardar asali ta ɓace, har yau ana gardama kan ko wace ce Elise ɗin. A Taiwan ma motocin kwasar shara ne ke sa shi don mutane su fito da bola.

Hadiza: Allah sarki Beethoven! To ga na biyu.

Bashir: Mai sanyi haka... Clair de lune na Debussy?

Sani: Ka faɗi warwas. Beethoven ne dai, Moonlight Sonata ta 1801. Mutane na yawan rikita su saboda duka biyun an laƙaba musu farin wata. Hadiza, maido mana shi. Kun ji sautukan nan uku-uku da ke ta juyawa ba hutu? A ƙarƙashinsu ga wata murya mai kauri tana takawa a hankali, kamar masu rakiyar gawa. Na Debussy daga sama yake farawa, a sake, idan ka ce za ka bi shi da tafi sai ka rasa inda za ka buga. Shi a 1905 ya fito, fiye da shekara 100 tsakaninsu. Kuma ba Beethoven ne ya kawo zancen wata ba, wani mai sharhi ne, Ludwig Rellstab, bayan rasuwarsa.

Bashir: Malam, ai da kun ba ni rabin maki.

Hadiza: Babu rabi a nan, Yaya. Na uku.

Bashir: Wannan Chopin ne, ko kaffara ba zan yi ba.

Sani: Da me ka gane?

Bashir: Da hannun hagu. Yakan buga ɗaya can ƙasa, ya tsallako sama ya buga biyu, haka yake ta yi. Hannun dama kuma rera waƙa yake, duk dawowar da za ta yi sai an ƙara mata ado.

Sani: Madalla. Nocturne ne, wato kiɗan dare, mai lamba 2 a rukunin ayyukansa da ake kira Opus 9, ya fito a 1832. Chopin ɗan Poland ne da ya ƙare rayuwarsa a Paris. Ni a ganina, cikin mutanen nan babu mai saurin ganuwa kamarsa.

Hadiza: Na huɗu fa?

Bashir: Minuet in G, wanda masu koyo ke farawa da shi. Bach!

Sani: Haka duniya ta ɗauka shekara da shekaru, don a littafin matarsa Anna Magdalena na 1725 aka same shi. Sai a shekarun 1970 bincike ya nuna na Christian Petzold ne, wani makaɗi a birnin Dresden.

Bashir: Wannan ai tarko kuka ɗana mini.

Hadiza: Tarkon na gaba, Yaya. Ga na ƙarshe.

Bashir: Kai! Wannan ai kukan wayar Nokia ne!

Hadiza: To wa ya tsara shi?

Bashir: Mozart?

Sani: Francisco Tárrega, ɗan Sifen. An tsakuro shi ne daga Gran Vals na 1902, kuma da jita ya tsara shi, ba da fiyano ba.

Hadiza: Biyu cikin biyar ke nan. Yaya Bashir, shayin yau kai za ka biya.