Yadda Ake Shuka Furen Lufin na Daji Daga Iri

Assalamu alaikum masu kallo. Wannan furen mai launin shuɗi da kuke gani ya yi tsiri kamar zangarniya, shi ne lufin na daji, wanda masana ke kira Lupinus perennis. Asalinsa gabashin Amurka ta Arewa ne, daga jihar Maine zuwa Florida, ya yi yamma har Minnesota. Ɗan gidan su wake da gyaɗa ne. Bayanin yau ya fi shafar 'yan'uwanmu mazauna can masu ɗan fili a bayan gida, domin shukar tana son hunturu mai sanyi, zafin Kano ko Maraɗi ba zai bar ta ta yi ƙarko ba.

Kafin komai, a tabbatar da irin da aka saya. A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Galibin lufin da ake sayarwa a shaguna ɗan aure ne da aka samo daga wani lufin daban mai suna Lupinus polyphyllus, ɗan yammacin Amurka, mai tsayin da kan wuce mita guda. Na dajin da muke nufi gajere ne, santimita 30 zuwa 60, kuma kowane ganye yana da 'yan yatsu 7 zuwa 11. Bambancin ba na ado ba ne kawai. Akwai wani ƙaramin malam-buɗe-littafi mai suna Karner, wanda Amurka ta sa cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa a 1992, kuma tsutsarsa ba ta cin komai sai ganyen wannan lufin. Don haka a duba cikakken sunan a jikin fakiti.

Yanzu ga irin. Ɓawonsa tauri gare shi, ruwa ba ya ratsa shi. Duk wanda ya taɓa rainon irin bagaruwa ko gawo ya san wannan matsala. Ku ɗauki sanfefa, ku goga kowace ƙwaya sau biyu ko uku, har sai launin wurin ya ɗan yi haske. Kada ku goga wajen cibiyar irin, kuma kada ku kai ga farin naman da ke cikin irin, in an ji masa rauni ruɓewa zai yi. Sai a jiƙa a ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, na tsawon awa 12 zuwa 24. Da safe za ku ga waɗanda suka sha ruwa sun kumbura. Waɗanda suka tsaya yadda suke, a sake goga su a mayar.

Bayan haka a naɗe su a tsumma mai danshi, a sa a leda, a ajiye a firji kamar kwana 10. Sashen sanyi, ba na ƙanƙara ba. Mai shuka a watan Oktoba ko Nuwamba kuwa ba ya bukatar wannan duka, sanyin hunturu da dusar ƙanƙara za su yi masa aikin, iri ya tsiro a Afrilu.

Ƙasa ita ce ke yanke hukunci. Lufin ɗan jigawa ne: rairayi, wurin da ruwa ba ya kwanciya, da rana ta aƙalla awa 6. A laka mai riƙe ruwa saiwarsa ruɓewa take yi, ko da an yi komai daidai. Ku gwada: ku haƙa rami, ku cika shi da ruwa. In bayan 'yan awoyi ruwan na nan, ku canza wuri, ko ku tayar da kunya da rairayi. Ban da yuriya, ban da taki mai yawa. Kamar wake, saiwarsa tana yin 'yan ƙulle-ƙulle inda ƙwayoyin halitta ke samar masa da naitirojin, sinadarin da taki ke bai wa shuka, daga iska. Shi ya sa ake barbaɗa wa jiƙaƙƙen iri garin waɗannan ƙwayoyin, wato rizobiyam na lufin, dab da shuka, musamman a filin da bai taɓa ganinsa ba. Taki kuwa ciyawa zai ƙarfafa ta danne shi.

Zurfin shuka rabin santimita ya isa, tazara kamar santimita 30. Ya fi kyau a shuka kai tsaye inda zai zauna, saboda yana sakin doguwar saiwa guda ɗaya da ba ta son dashe. In dole sai an yi raino, a yi a doguwar leda, a dasa tun yana da ganye biyu ko uku, ba tare da an fasa ƙasar ba.

A makonnin farko a riƙa yayyafa ruwa, ƙasa ta yi danshi kawai. In kun ga tsiro ya yi baƙi a gindi ya kife, ruwa ne ya yi yawa. Zomo da barewa suna cin ɗanyen tsiro, sai a kewaye da ragar waya. Darɓa kuma a wanke ta da feshin ruwa, kada a sa maganin ƙwari a shukar da aka yi domin tsutsa ta ci.

Shekarar farko ganye kaɗai za ku gani, ƙarfinsa duk yana ƙasa. Fure sai shekara ta biyu, tsakanin Mayu da Yuni. Da zafi ya tsananta ganyen kan bushe ya ɓace, kada ku tone, bai mutu ba.

Mai son tara iri ya sa ido a kan kwanson. Da ya bushe yakan fashe ya watsa 'ya'yan nesa. Idan ya fara yin baƙi, a yanke shi a zuba a jakar takarda a naɗe bakin, ya fashe a ciki. A ajiye nesa da yara da dabbobi, domin 'ya'yan suna da guba, tumaki ma sukan mutu in sun ci da yawa.