Nana Asma'u Uwar Daje: Matar da ta Riƙe Sunayen Danginta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Muna gode wa Allah, muna salati ga Manzonsa, sallallahu alaihi wa sallam. Iyayena mata na can baya, kuna ji na? To madalla. Masu goyo ku matso wajen taga, akwai iska.

An ce in yi magana a kan uwa ta gari, sai na ce ba zan yi ta a dunƙule ba, gara in ɗauko uwa guda mu dube ta da kyau. Na ɗauko Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda Sakkwatawa ke kira Uwar Daje. Abu uku zan faɗa: asalinta, sannan zamanta na uwa a cikin dangi, sannan karantarwarta.

Na farko. An haife ta a Ɗegel a 1793, ita da ɗan tagwaicinta Hassan. Mahaifiyarsu Maimuna. Kun san al'adarmu, in an sami Hassan, macen sai ta zama Husaina ko Hassana, amma Shehu ya sa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar. Tana da kamar shekara 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, saboda haka yunwa da gudun hijira da yaƙi duk da idonta ta gan su. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Gidansu Toronkawa ne, salsalarsu kuwa ɗalibai na rera ta kamar karatu: Usmanu ɗan Fodiyo, ɗan Usmanu, ɗan Salihu, ɗan Haruna, a yi ta hawa har a kai ga Musa Jakollo, wanda ya taso daga Futa Toro. Barebarin da ke cikin zauren nan ku yi haƙuri, yau ranar iyayen gidanku ce. (dariya) Na ji, na ji, Hajiya, gobe ma rana ce, za a zo kan Borno.

Amma ku lura da salsalar da na jero yanzu. Wane ɗan wane ɗan wane. Ina matan? Wa ya haifi waɗannan mazan, wa ya goya su, wa ya fara biya musu Fatiha? A nan ne nake so mu zauna, domin nan ne abin da ya fi kama mini zuciya game da wannan baiwar Allah.

Na biyu. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma wazirinsa. Ta haifi 'ya'ya maza shida. Ɗanta Abdulƙadir ya gaji ubansa a wazirci, kuma daga tsatsonta Waziri Junaidu ya fito, wanda ya rasu a 1997, wanda a ɗakin littattafansa aka adana takardunta har masu bincike suka same su. Mace mai gida irin gidan waziri, baƙi ba sa yankewa, ga 'ya'ya, ga ɗalibai, ga takardun Shehu da ta tsaya wajen tattarawa da tsarawa bayan rasuwarsa a 1817. Duk da haka, in aka yi rasuwa a dangi, sai ta ɗauki alƙalami ta yi marsiyya, wato waƙar makoki da yabon mamaci.

Marsiyya, jama'a. Ta yi wa baffanta Abdullahi na Gwandu. Ta yi wa Bello da ya rasu a Wurno a 1837. Ta yi wa mijinta Giɗaɗo. Wannan ba abin mamaki ba ne, manya ne, ko ba ita wani zai rubuta. Abin da nake so ku riƙe shi ne sauran. Ta yi wa 'yar'uwarta Faɗima, ta ambaci yadda take ciyar da dangi da baƙo ba bambanci. Ta yi wa A'isha matar Bello, aminiyarta ta shekara da shekaru. Ta yi wa wata maƙwabciyarta Halima. Maƙwabciya fa! Ba sarauniya ba, ba shehiya ba. Me ta yaba a wurinta? Hankali, da haƙuri, da son yara da manya, da gyara zumunci. Ta yi wa Zaharatu, matar da in an kira ta wankan gawa take tashi ba ja-in-ja, in mace na naƙuda take zuwa ta tsaya a kanta.

Ku tsaya ku yi tunani. A unguwar kowa a nan akwai Zaharatu. Ƙarfe biyun dare ake buga mata ƙofa, ta yafa mayafi, ta sa silifas, ko fitila ba ta tsaya nema ba. Ita ta yanke cibiyar rabin yaran layin, ita ta wanke iyayensu da suka rigaye mu. Ran da ta rasu a yi zaman makoki kwana uku, a watse. Bayan shekara talatin a tambayi jikanta sunanta na yanka, sai ya ce Iya muke ce mata. Ita kuwa Zaharatun Sakkwato, fiye da shekara 160 ke nan, ga mu muna kiran sunanta, mun san aikinta, muna ce mata Allah ya jiƙanta. Saboda me? Saboda wata uwa ta ga cewa wannan ma abin rubutawa ne.

Ina maimaitawa, ta ga cewa abin rubutawa ne. Malamai maza sun rubuta yaƙin Tafkin Kwatto, sun rubuta faɗuwar Alkalawa a 1808, ita ma ta rubuta wannan tarihin a waƙe, ƙanenta Isa ya mayar da shi Hausa. Amma ta ƙara da abin da ake tsallakewa, wato wa ya ciyar, wa ya yi jinya, wa ya sulhunta 'yan'uwa. A wata waƙar ma da ta jero mata salihai, ta faro daga matan Annabi da 'ya'yansa, ta biyo ta kan waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta gangaro har kan matan gidansu da na garinsu, ta sa su a sahu ɗaya. Yarinyar da ta haddace wannan, ta san ita ma tana da iyaye a cikin addinin nan.

Kuma wannan hali iyayenmu mata sun gaje shi, ko da ba su riƙe alƙalami ba. Kun taɓa ganin tsohuwa a gidan biki an kawo mata saurayi ya gaishe ta? Sai ta kama hannunsa ta ƙi saki. Ɗan wa ne kai? Ya faɗi sunan ubansa. Ta ce a'a, uwarka nake tambaya. Ya faɗa. Sai ta ɗan yi shiru, ta ce ai kakarka ta wajen uwa da uwata ciki ɗaya suka fito, a gidanmu aka yi mata lalle. Yaro ya shigo baƙo, ya fita da sabbin taubasai.

Na huɗu... a'a, na nawa muke? Na uku ko? To, 'Yan Taru, tsarin karantar da mata da ta kafa. A taƙaice, ta zaɓi dattijai mata masu ilimi, ana ce musu jaji, ta ɗora wa kowace malfa alamar izini. Su ke jagorantar tsofaffi da 'yan mata daga ƙauyuka zuwa wurinta, su haddace waƙoƙin tauhidi da tsarki da salla, su koma su koyar da matan aure a cikin gidajensu. Ta rasu a 1864, an binne ta a Hubbaren Shehu da ke Sakkwato kusa da mahaifinta, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Wannan sai an ware masa rana guda. Na ga hannu a ɓangaren maza. Bismillah, ɗana.

(Wani matashi ya yi tambaya: Malama, Allah ya ƙara lafiya. Shin yawan maganar asali da salsala ba ya cikin alfaharin jahiliyya da aka hana?)

Allah ya yi maka albarka, tambayarka tana kan hanya. Alfahari da nasaba haramun ne. Ayar Suratul Hujurati ta ce an sanya mu dangogi da ƙabilu domin mu san juna, mafi daraja kuwa shi ne mafi taƙawa. Wanda ke jero kakanninsa don ya ce wa wani bawa ko mara asali, ya saɓa. Amma Tirmizi ya ruwaito cewa mu koyi nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi. Ta yaya za ka sada abin da ba ka sani ba? Ta yaya alƙali zai raba gado in ba a san magada ba?

Ga ma wanda ya fi wannan nauyi, shayarwa. A mazhabarmu ta Malikiyya, jariri ya sha nonon mace ko sau ɗaya ne a cikin shekara biyun farko, ta zama uwarsa, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, aure ya haramta. Wa ke riƙe da wannan labarin? Ba ya cikin takardar haihuwa, sau da yawa uban yaron ma bai sani ba, yana kasuwa aka yi. Mata ne suka sani. A cikin Bukhari, Uƙubatu ɗan Harisu ya yi aure, sai wata mata ta zo ta ce ni na shayar da ku duka biyun. Ya hau abin hawa ya tafi Madina ya tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Annabi ya ce, ta yaya, alhali an riga an faɗa? Ya rabu da matar.

Saboda haka iyayena, wadda duk ta san ta taɓa ba ɗan kishiya ko ɗan maƙwabciya nono, ranar da uwarsa ta kwanta ciwo ko ta tafi unguwa, ta kira ɗaya daga cikin 'ya'yanta a makon nan ya rubuta: sunan yaron, sunan uwarsa, da shekarar in an tuna. A ajiye takardar inda ake ajiye takardun gida, a kuma gaya wa mazan. Hajiya ta gaba tana ɗaga hannu, a miƙa mata lasifikar.