Me ya sa ginin laka ke cin kyauta, mai fulastar siminti ya tashi a tutar babu?

[Hoto: tsohon zaure a Argungu, rabin bangon yaɓen ƙasa, rabi siminti]

Duk lokacin da aka ce an ba wani gini kyautar yabo, hoton ya fito, sai ka ji mutane suna cewa: "Wannan? Ginin laka? Ga benaye masu gilashi a Birnin Kebbi ba a gani ba?" Wasu ma cewa suke an yi son kai. To ku biyo ni, akwai abin da alƙalan gasar ke dubawa wanda yawancinmu muke ɗauka a juye.

Bari mu yi sauri a nan. Irin waɗannan kyaututtuka yawanci kashi-kashi ne: sabon gini, tsarin fili ko kasuwa, sai kuma gyaran tsohon gini. Babbar da aka fi sani a ƙasashen Musulmi ita ce ta Aga Khan, an kafa ta a 1977, ana bayarwa duk shekara uku. Ba a karɓar gini sai an yi aƙalla shekara ɗaya ana amfani da shi, kuma ana tura masani ya je ya gani da idonsa. A 1986 masallacin Yaama na jihar Tawa a Nijar ya ci. Ginin ƙasa ne, maginin kuma Falke Barmu, mutumin garin. Nan kusa da mu, ba wata uwa duniya ba.

[Hoto: hasumiyoyin masallacin Yaama]

Yanzu ga inda rikicin yake: gyara.

A wurinmu, in an ce an gyara tsohon soro, abin da ake nufi an shafe shi da siminti, an yi fenti, wataƙila har da tayil a ƙofa. A wurin alƙalan gasa kuwa, wannan ɓarna ce. Ba don suna ƙin siminti ba. Dalilin yana cikin bangon.

[Zane: bango a tsage, ana ganin tubali a ciki]

Bangon tubali yana shan damshi daga ƙasa, musamman da damina. Ba laifi ba ne, domin in rana ta fito sai ya fitar da shi ta jikinsa ya bushe. Haka yake yi shekara da shekaru. Da ka lulluɓe shi da siminti ka toshe masa wannan hanyar. Kamar a sa wa mutum rigar leda a watan Afrilu ne, zufa ba ta da wurin fita.

Sai na biyu. Siminti da laka ba sa motsi tare. Rana ta gasa su, dare ya yi su huce, kowa da irin miƙewarsa. Sai siminti ya tsage, tsaga siririya wadda ba za ka kula ba. Ruwan sama ya shiga ta nan, ya rasa hanyar fita. Daga waje bango fes, a ciki ƙasa ta jiƙe ta yi laushi, kan azara ya fara ruɓewa, gara kuma ta samu abin da take so.

[Bidiyo: magini yana ƙwanƙwasa bango]

Ku saurara. Kun ji wannan sautin na holoƙo? Simintin ya rabu da bangon ke nan. Ranar da zai faɗo ba shi kaɗai zai faɗo ba, da naman bangon zai taho. Sai a ce ai ginin laka ba ya ƙarko. Allah sarki laka, an yi mata laifi kuma an ɗora mata.

To mene ne gyaran da ake yabawa? A yi wa bangon yaɓe da irin ƙasar da aka gina shi da ita. Magabata suna da abin kare ruwa nasu: makuba, daga ɓawon ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. A gyara indararo ya riƙa watsa ruwa nesa da gindin bango. Azarar da ta ruɓe kaɗai za a canza, mai lafiya a bar ta. Alƙali zai tambaya: nawa ne na asali ya rage? Abin da aka ƙara, ana iya cire shi gobe ba a yi wa ginin rauni ba?

[Hoto: gidan tarihi na Kanta]

Ku dubi gidan tarihi na Kanta a Argungu. Fadar sarki ce har 1942, aka mai da ita gidan tarihi a 1958. Gini irin wannan darajarsa tana cikin abin da ya rage na hannun maginan farko. In aka sabunta komai, an samu sabon gini mai kama da tsoho, shi ke nan.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiya: yaɓe ba a yinsa sau ɗaya a huta. Mutanen Jenne a Mali duk shekara suke fitowa gari guda su yaɓe babban masallacinsu. Mai gida ɗaya ba shi da gari guda, kuma maginan da suka iya haɗa laso sai an cigita. Ni a ganina, in har za a yi irin wannan kyauta a Kebbi, a fara kiran sunan magini kafin na mai gida.

In kuma naka an riga an shafa siminti, kada ka ɗauki guduma cikin damina. Bari rani ya shigo, a ɓamɓare a hankali, kaɗan-kaɗan, a bar bangon ya bushe sosai kafin a yi yaɓe. Kuma a ɗauki hoto kafin a taɓa komai, domin masu duba gyara suna neman ganin yadda ginin yake tun kafin a sa hannu.