Amsoshin Tambayoyinku: AI za ta kori masu rubuta manhaja ne?

Jama'a masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko yau daga Zariya ta fito, wani ɗalibi da ke koyon rubuta manhaja yake cewa shi fa gabansa na faɗuwa, tunda yanzu ChatGPT, manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira wato AI, na zubo kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, cikin ƙiftawar ido, ya ci gaba da karatun ne ko ya nemi wata sana'a tun da wuri?

To ƙanina, kar ka ajiye karatun nan don Allah. Gaskiya ne aikin ya canza, ba zan ɓoye maka ba. Tun 2021 kamfanin GitHub ya fito da Copilot, manhajar AI mai taya rubuta kod, kana fara layi ɗaya yana ƙarasa maka sauran, sai ChatGPT ya biyo baya a Nuwamban 2022, daga nan mutanen da a da suke kwana a Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, suna laluben amsa da yawansu suka koma tambayar na'ura kawai. Shugaban Google Sundar Pichai ya faɗa a Oktoban 2024 cewa sama da kashi ɗaya cikin huɗu na sabon kod ɗinsu AI ce ke rubutawa, amma ka saurari ƙarshen maganar, injiniyoyi ne ke dubawa su amince kafin ya wuce. To wanda bai iya karanta kod ba me zai duba?

Ni na gani da idona. Wani yaro a unguwarmu ya haɗa wa wata Islamiyya fom ɗin rajista da AI, yini ɗaya ya gama, abu gwanin sha'awa, sai da aka zo shigar da sunan da ke da ƙ ko ɗ fom ya ce atafau wannan ba harafi ba ne, don an tsara shi kan haruffan Turanci 26 kaɗai, lambar waya kuma ya ɗauke ta kamar lissafi, sifilin farko na 0803 ya yi ɓatan dabo. Kwana uku yaron nan yana ta sake tambayar na'ura tana ba shi haƙuri tana ƙara dagula abin, wani da ya san tushe ya zo ya gyara kafin a idar da la'asar. Don haka ka dage da tushen, ka koyi gwada manhaja da gano kuskure, AI kuma ka riƙa sa ta yi maka bayanin duk layin da ta rubuta har sai ka gane.

Sai wata baiwar Allah daga Maraɗi, tana tambaya ko ya halatta ta kwafi kod ɗin kamfaninsu ta zuba a ChatGPT ya gyara mata. Malama, a'a, sai da izinin masu kamfanin. A 2023 Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorin aiki bayan wasu sun zuba kod na sirri a ciki. Kuma ko an ba ki izini, ki fara cire kalmomin sirri da bayanan kwastomomi tukuna.