Yadda Ake Faten Dankalin Turawa da Naman Sa

Faten dankalin Turawa ya yi suna a Jihar Filato, inda sanyin ƙasar ya sa ake noman dankalin da yawa a Bokkos da Mangu da Barkin Ladi, daga can kuma motoci ke kwasar sa zuwa kasuwannin Kano da Kaduna. Mai son wannan fate ya yi daɗi sai ya riƙe abu guda: nama da dankali ba sa nuna a lokaci ɗaya, don haka ba a zuba su tukunya tare.

Nama ake fara ɗorawa. A nemi rabin kilo na naman sa daga ƙirji ko wuya, wanda yake da ɗan kitse da jijiya, domin tsoka zalla takan bushe idan ta daɗe a wuta, alhali jijiyar ita ce take narkewa ta ba romo jiki. Bayan an wanke shi, a zuba masa albasa da tafarnuwa da citta da masoro da gishiri, a rufe tukunyar ya fitar da ruwan jikinsa tukuna, sannan a ƙara ruwa, a rage wuta, a bar shi ya yi ta dahuwa a hankali, har sai cokali ya iya raba shi.

Kafin nan sai a fere dankali kilo 1, a yanke duk inda ya yi kore ko ya fara tsiro, saboda wurin yana da ɗaci kuma yana iya ɓata ciki. A yanka shi manya-manya, amma a ware guda 2 ko 3 a yayyanka ƙanana, domin su ne za su narke su ba faten kauri ba tare da an zuba gari ba.

A wata tukunyar, a soya jajjagen attaruhu da tattasai da tumatir a man gyaɗa har sai tsaminsa ya fita, man ya taso sama. Wasu sun fi son manja, kuma lalle yana ƙawata launin faten, sai dai yakan danne ƙamshin naman. A zuba daddawa, a juye naman da romonsa, sannan dankalin ya biyo baya. Kada ruwan ya shanye kan dankalin, domin nan ne wasu masu girki suke kuskure, faten ya fito tsararo.

Minti 20 a matsakaiciyar wuta ya isa, kuma a guji yawan juyawa don kada manyan yankan su dagargaje. Idan dankalin ya yi laushi, a watsa yankakken alayyahu, a rufe na minti 3, a sauke. A bar shi ya ɗan sha iska kafin a zuba a kwano, domin yana ƙara kauri yayin da yake hucewa.